Wayoyin Ƙafar Baya

Shekaru sun ja, amma ranar da na ɗauki mahaifina a babur zuwa garin Ƙofa ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Lokacin ina aikin malamin gona a Kankia, ina da babur mai dogayen ƙafafu, irin wanda ba ya tsoron gargada. Da damina ta yi nisa sai ƙafar baya ta fara wata 'yar ƙara. Na kai wa wani dattijon bakanike. Ya ɗaga ƙafar, ya riƙa ƙwanƙwasa wayoyinta ɗaya bayan ɗaya da sifana yana kasa kunne. Mai ƙarfi ta yi ƙara siririya, wadda ta saki ta yi shiru kamar an bugi ɗanyen kara. Ya ce shida sun saki, in bar masa babur ɗin zuwa la'asar, domin ɗaurin waya ba a yi masa gaggawa. Ana ɗan murɗa wannan, a tsallake zuwa ta ɗaya ɓarin, a juya ƙafar a ga ko tana tafiya daidai, sannan a sake zagayowa.

Ni kuwa a wancan zamani ba na jin akwai abin da ya fi ƙarfin kaina. Waya shida ce za ta cinye mini yini? Na koma gida na ɗauko filaya, na murɗe su tamau har sai da hannuna ya yi ja. Biyar daga ciki ɓari ɗaya suke, ban ko kula ba. Ƙara ta ɗauke, na yi ta yabon kaina.

Washegari da hantsi aka bugo waya cewa aminin Baba ya rasu a Ƙofa, za a yi jana'iza da an idar da azahar. Baba ya fito da carbinsa, ya ce in tayar da babur. Yana hawa ya ce, "Mun yi alkawari da shi tun muna samari, wanda duk ya rigaya, ɗan'uwan ne zai sa shi kabari. Ka kai ni kan lokaci."

Har muka wuce Kusada lafiya lau. Da muka shiga hanyar da ruwa ya zaizaye, sai na ji bayan babur yana rawa. Muka faɗa wani ɗan rami, na ji tas, sai kuma tas. Kafin in tsaya wayoyi huɗu sun tsinke, ƙafar ta karkace tana gugar ƙarfe, taya ta sace. Ɗaurin da na yi ne ya janye ƙafar gefe guda, nauyinmu ya ƙarasa sauran.

Hanyar ba kowa. Baba ya tattare babbar rigarsa ya kama tafiya a ƙasa, ni ina biye ina tura babur. Mutum ne mai ciwon gwiwa, kowane taku nasa ina jin sa a ƙirjina. Mun daɗe muna tafiya kafin wani ɗan acaɓa ya ɓullo ya ɗauke shi.

Da na iso Ƙofa na tarar da mutane zaune a kan tabarmi ana ta gaisuwa. Aka ce Baba yana maƙabarta. Can na same shi shi kaɗai, tsugune a gaban ɗanyen kabari. An jira shi har aka gaji, ya iso an riga an rufe, ana wanke hannu.

Kunya ta ishe ni, na durƙusa na faɗa masa gaskiyar abin da na yi wa ƙafar. Na so ya yi mini faɗa, ko na ji sauƙi. Sai ya dube ni ya ce, "Allah bai nufa ba. Amma da ka bari mai aikin ya yi aikinshi."

Har ya bar duniya bai sake tayar da maganar ba, ni kuma ban daina jin nauyinta ba. Abin da na koya shi ne, aikin da ka raina ka yi masa gaggawa, ba lallai kai za ka ɗanɗana kuɗarsa ba. Wani lokaci wanda ya yarda da kai ya hau bayanka, shi zai ɗanɗana.