Baba a Tsugunne Bayan Sanduna Uku

Ina shekarata ta biyu a Villeurbanne ƙanena ya fara gaya mini a waya cewa Baba ya soma mantuwa. Da farko abin dariya muka ɗauke shi. Zai ɗora hula a kan hula, ko ya tambaya an yi la'asar kuwa, alhali shi ya ja sallar. Daga baya dariya ta ƙare. Ni kuwa ina wani ɗan ɗakin ɗalibai da in na miƙe hannuwa sai in kusa taɓa bango da bango, tagarsa tana kallon layin taram, ƙaramin jirgin ƙasan cikin gari. Karatun injiniya ya kawo ni Faransa, kuma ba ni da halin ajiye shi in tafi gida. Duk Juma'a nakan kira ta bidiyo, Baba ya dube ni da irin fara'ar da yake yi wa baƙi, ya tambaye ni gajiya, ya mayar wa ƙanena wayar.

Abu ɗaya ne bai kuɓuce masa ba, in ji ƙanena, shi ne wasan kurket, wanda ɗaya ke jefa ƙwallo, ɗaya ya buge ta da katako yana kare sanduna uku. Baba ya daɗe yana hedimasta a firamaren ƙauyenmu. A kwalejin horon malamai ya koyo wasan, ya zo da shi garin da ko ƙwallon ƙafa da tsumma ake ɗaure ta. Duk shekara bayan an gama girbi, makarantarmu kan kara da ta ƙauyen da ke gabas da mu. A share fili, a shimfiɗa tabarmin kaba a tsakiya, a kafa sanduna uku na dogon yaro a kowane gefe, malamai da yara a gauraye. Ba wanda ya taɓa ɗaukar hoton wannan rana. Sai na ce bari in zana masa ita, tunda tun ina ƙarama hannuna ya saba da zane. Abin da nake so bai wuce ɗaya ba: ya ga kansa ya gane, ko Allah zai sa daga nan ya gano ni.

Na sayo fenti da buroshi da ƙyallen zane wanda aka ɗame a katako, na jingina shi a kan teburin karatu. Filin bai ba ni wahala ba. Na san launin ƙasar, na san inda tsamiya take, na san tarin karan dawa da ke bayan azuzuwa. Mutanen ne matsala. Mu 'yan mata a gindin tsamiya muke zama muna cin gyaɗa da gulma, ba wadda ta damu da inda wani ya tsaya. Na tambayi ɗaliban Nijar da muke haɗuwa a masallaci, suka ce ba su taɓa jin wasan ba, wasan 'yan Ingila ne in je in tambayi 'yan Ingila. Wannan ya ƙara mini kewa. Ga mutane muna Hausa ɗaya, amma abin da ya rage a kan mahaifina ba ni da wanda zan yi hirarsa da shi.

Sai na bi abin da idona ya saba. Na jera masu taren ƙwallo a da'ira, tazara daidai tsakanin kowa da kowa, duk a tsaye ƙyam suna fuskantar tsakiya. Baba kuwa na sa shi a tsakiyar fili cikin farar riga, hannuwa a baya, ya ɗan fi kowa tsawo. Ina kuma zan sa hedimasta in ba nan ba?

Ranar da na nuna masa, ƙanena ya riƙe wayar kusa da fuskarsa. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya ko kokawa ake yi. Na ce kurket ne, Baba, wasan makarantarku.

“To ina 'yan wasan?” in ji shi. “Waɗannan ai 'yan kallo ne.”

Na kashe wayar raina a ɓace. Ban ɓoye wa kaina ba, fushi na yi da mutumin da ba ya iya tuna ko ya ci abinci amma yana iya kushe aikin da na ɓata makonni a kansa. Na juya fuskar zanen ga bango, ya zauna haka har sanyi ya wuce. Ina dawowa daga aji in dafa taliya in ci a tsaye, bayan katakon yana kallona.

Da bazara aka tura ni Paris aikin koyon sana'a, wanda a can suke ce wa sitaj. Na naɗe zanen da bargo na hau jirgin ƙasa da shi. Na sauka a Aubervilliers, a gefen birnin, wajen wata Hajiya 'yar Maradi, ƙawar wata ƙawar innata, mai sayar da atamfa da turaren wuta a unguwar Barbès. Mace ce mai kirki da baki, takan fita da safe ta dawo da yamma ƙafafu a kumbure. Ranar Lahadi 'ya'yanta kan zo su cika falo da Faransanci, ni kuma in zame in fita yawo don kada in zama kujera a tsakaninsu.

A irin wannan yawo ne na ji wani ƙara da na sani, ƙarar katako ya haɗu da ƙwallo mai tauri. Wani babban filin ciyawa ne, mutanen Pakistan da Afganistan suna kurket, waɗansu da doguwar riga, waɗansu da kayan aikin gini. Na sami benci can nesa na zauna, don ba zan je in tsaya cikin maza ba. Da ma an ce gani ya kori ji. Ban yi rabin wuni ba na gane abin da Baba ya gani a zanena. Babu wata da'ira. Mutum biyu ko uku sun taru a bayan mai bugu ta gefe guda, a karkace kamar matakala, sun duƙa hannuwa a buɗe. Ɓangare ɗaya ya fi ɗayan cika, an bar wani wuri fayau da gangan don a ja mai bugu ya kai ƙwallo can. Wani kuma yana can bakin iyaka shi kaɗai, har sai ka ɗauka ba da shi ake ba. Kuma ba mai tsayuwa ƙyam. Da mai jifa ya taho a guje, sai duk su tako gaba a hankali, idonsu a kan katakon mai bugu.

Na yi ta komawa kowace Lahadi da takarda da fensir. Ba wanda ya kula ni, sai wani dattijo mai furfura da ya taɓa ɗaga mini hannu da ƙwallo ta gangaro kusa da ƙafata. Shi ne mai tsaron sandunansu. Duk jifa sai ya tsugunna a bayan mai bugu, saurayin da bai wuce sa'an jikansa ba, ya baje manyan safar hannu a ƙasa. Ina kallonsa abin ya dawo mini. Nan ne wurin Baba. Na tuna matan gari suna rufe baki suna cewa yau ma Malam ya tsugunna wa ɗan mahauci. Na tuna Inna ba ta taɓa zuwa kallon ba, don kunya.

Na gyara komai a ɗakin Hajiya. Na watsa da'irar, na duƙar da waɗanda suka kamata, na jefa wani yaro can gindin tsamiya. Amma Baba na bar shi a tsaye. A wurinmu ƙarami ke tsugunna wa babba. Ni da na tashi ban taɓa gaida shi a tsaye ba, yaya zan ɗauki buroshi in durƙusar da shi a bayan ɗalibinsa, in kuma aika gida kowa ya gani? Na gaya wa Hajiya, ta ajiye ƙwaryar furarta ta dube ni.

“Ɗiyata, mushen lakkwal guda, kuma ubanki? Bar shi tsaye. Balo dai balo ce, mutunci shi ne mutunci.”

A Hausarsu ta Nijar, mushen lakkwal shi ne malamin makaranta, balo kuwa ƙwallo. Na ji daɗin maganar, don abin da nake so in ji ke nan.

Juma'ar da ta biyo na sake nunawa. Wannan karon Baba ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin wayar. Ya shiga nuna mutane da yatsa yana gyaɗa kai, yana cewa yauwa, haka ne, wancan ya ɗan ja baya kaɗan. Muryarsa ta koma irin ta filin makaranta, wadda rabona da jin ta tun kafin in bar gida. Sai yatsan ya tsaya a kan farar rigar.

“Wane ne wannan ya tsaya mana a hanyar ƙwallo? A ce masa ya fita daga fili. Kuma ba kowa a bayan sanduna, wa zai kama?”

Ƙanena ya buɗe baki zai ce ai kai ne, na girgiza masa kai. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Na girmama mutumin har na fitar da shi daga wasansa.

Washegari da hantsi, Hajiya ta tafi kasuwa, na haɗa launin ƙasa na shafe shi. Wannan ya fi mini komai wuya. Na fara daga ƙafafu na bar fuskar sai ƙarshe, kuma na yi kuka, ba zan ce ban yi ba. Gidan shiru, sai ƙarar manyan motocin da ke sauke kaya a rumbunan 'yan sari. Da fentin ya bushe na zana shi inda yake: a tsugunne kan yatsun ƙafa, gwiwoyi a buɗe, ya naɗe rigar ya cusa a wando, hular ta koma ƙeya, kansa bai kai kafaɗar yaron da ke gabansa ba. Ya fito ƙarami. Da Hajiya ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa ta dube shi, ta ce Allah shi kyauta, ta wuce kicin.

Sitaj ya ƙare, na koma Villeurbanne da zanen kafin in sami ranar da Baba yake da ɗan kuzari. Bayan azahar ce, na jingina shi a taga don haske ya same shi, taram yana wucewa a ƙasa. Ƙanena ya kai masa wayar. Bai ɗauki lokaci ba. Ya ɗora yatsa a kan mai tsugunnon ya yi dariya, irin wadda take girgiza masa kafaɗu.

“Ga ni nan,” in ji shi. “Wallahi ga ni nan.”

Ya ce yaron nan mai bugu ai bahago ne, an zana shi yana bugu da dama, amma ba komai, ya ce a ranar sun ci. Sannan ya tambayi wanda ya yi zanen. Na juyo da wayar ga fuskata, na tsugunna a ƙasan ɗakin ban ma san na yi ba, na ce ni ce, Baba. Ya dube ni da kyau, ya sa mini albarka, ya ce iyayena sun yi tarbiyya. Ya waiwayi ƙanena ya tambaye shi sunan yarinyar.

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma Baba mutumin da ne mai alkunya. Tun da aka haife ni bai taɓa kama sunana ba, sai dai ya ce “ke” ko “waccan”. Ƙanena ya faɗa masa. Baba ya maimaita sunan a hankali, ya sake maimaitawa, ya ce suna mai daɗi. Ranar ce na fara jin sa a bakinsa, na kuwa amsa.