Farar Rigar Bazara ta Yaya Hajo

Idan damina ta faɗi bana, Yaya Hajo za ta cika shekara goma sha biyu a ƙasa. Yayata ce ciki ɗaya, ita ce kuma telar matan unguwarmu a Gummi, da baƙin kekenta na ƙafa a rumfar Inna. Har yau idan zafi ya tsananta, ƙarar keken nan nake ji a kunnena.

An fi saninta da rigar bazara. Da azahar ta fara gasa mutane, mata za su yi ta kawo mata leshin auduga mai huji-huji, wanda iska ke ratsawa. Yadi ne mai ba tela haushi, don allura na faɗawa cikin huji zare ya cukurkuɗe. Ita sai ta shimfiɗa tsohuwar takarda a ƙarƙashi, ta ɗinke tare, ta yage takardar a hankali. Shafi kuwa a gangar jiki kawai take sawa, ta bar hannuwa su sha iska. Ba ta sayen alli. Da guntun sabulu take zana awo, kuma kullum takan saki riga fiye da yadda mai ita ta nema.

A nan muka saɓa. Shekarar da aka tura ni koyarwa Bukkuyum na sayo farin leshi, ina ji da kaina, na ce ta matse mini shi daidai jiki yadda na ga 'yan birni na yi. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Wanga yadi ba a matse shi, Rabi. Ki bari iska ta shiga. Kuma jikin mace ba ya tsayawa wuri guda."

Na ce mata shi ya sa har gobe ɗinkin ƙauye take yi. Da bakina na faɗa, a gaban masu kawo mata aiki. Ta dai ɗauki tef ta auna ni. Bayan kwana uku ta aiko mini da rigar can Bukkuyum, a matse yadda na ce, ko gaisuwa babu a ciki. Ni ma don girman kai na jefa ta ƙasan akwati, na ce sai na zo hutu mu shirya. Kafin hutun ta rasu wurin haihuwa, ita da jaririn. Ban taɓa sa rigar ba, ban kuma ba ta haƙuri ba, kuma wannan ya ci ni shekara da shekaru.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Teloli sun koma kwafar ɗinki daga waya, leshin kasuwa rabinsa roba ne, mace ta sa shi a bazara ta yi ta zufa kamar an rufe ta a tukunya. Na san za ta yi tsakin nan nata. Abin da zai fi ɓata mata rai shi ne hanya. Da can takan hau mota ta kai ɗinkin biki Anka ta dawo kafin la'asar. Yanzu da nake aure a Ankan, sai na yi ta tambayar lafiyar hanya kafin in je gaida Inna.

'Yar Yaya Hajo, Balkisu, wadda ta bari tana shekara huɗu, a hannuna ta tashi. Watan jiya ta sauke Alƙur'ani. Ana shirin walima ta ce ita ba ta son komai a wurina sai in sa wani abu da hannun uwarta ya taɓa. Abu ɗaya gare ni. Na ciro rigar, ta ɗan yi ja a wurin ninki, na gwada. Haihuwa biyar ba wasa ba ce, ko kafaɗa ta ƙi wucewa. Na zauna bakin gado na yi kuka sosai.

Balkisu ce ta juya rigar baibai, tana laluben ɗinkin gefe.

"Inna Rabi, mi an nan ciki? Akwai kauri."

Muka sa reza muka warware shafin. A kowane gefe Yaya ta ninke yadi mai faɗin yatsu huɗu, ta kama shi da zare sama-sama yadda ba zai nuna ba. Ko ƙyalle ba ta yanke ba. A kan ninkin ga layin sabulu, ya dushe amma ana ganinsa, awon da ta so yi mini tun farko.

Kekenta an sayar, rumfar ta faɗi, matan da ta yi wa ɗinki sun watse garuruwa. Abin da ya rage shi ne halinta: za ta ba ka abin da ka nema, ta kuma ajiye maka wanda za ka bukata, ba tare da ta yi maka gori ba. Allah Ya jiƙanta, Ya yalwata mata kabarinta.

Da hannu na ɗinke rigar, ina bin layin sabulun nan ban kauce ba. Ranar walima na sa ta, ta zauna mini daidai, iska na shiga ta hannuwa.