Dutsen da Oga Danladi Ya Tura Ƙarƙashin Taya

Har yau ban manta da Asabar ɗin da aka canza birkin bayan motata wagon a ƙofar gidanmu na Dutse Uku ba. Mu huɗu ne a wurin: ni mai motar, da ɗana Habibu, da Sale direbana, da Oga Danladi bakanike. Ku da kuka fara ja mini mota bana, ku saurara, don ku san dalilin da ya sa nake tsayawa a kanku kowace safiya.

Sana'ata jigilar dankali ce. Ni da marigayi maigidana muka fara, da ya rasu na ci gaba. Lokacin motata ɗaya ce. Sale ke lodi da sassafe, ya gangara da ita ta Hawan Kibo, shi kaɗai, ba kwandasta.

Birkin bayan motar irin na da ne, na ganga, wanda takalmin birki ke buɗewa daga ciki ya kama gangar. In kaya ya yi nauyi a gangare sai ya yi zafi ya rage ci. Habibu ya ce a mayar da shi na faifai, irin na gaba, wai ya fi kamawa. Na amince. Ya sayo kayan a Dilimi, inda ake sayar da kayan mota, ya ce a gida za a ɗaura, ba sai motar ta kwana a gareji ba. Washegari Lahadi akwai lodi.

Da hantsi suka ɗaga ta a jak, suka cire tayoyin baya da gangunan, suka ɗaura sababbin. Sai aka zo fitar da iska. Ga wanda bai sani ba, in aka kwance bututun man birki iska na shiga, kuma birki mai iska ba ya ci. Mutum ɗaya ke zama a ciki yana danna birki, ɗaya a ƙasa yana buɗe ɗan noti har mai ya fito ba kumfa. Wannan kujerar tawa ce tun zamanin maigidana.

"Hajiya, danna! Riƙe!" in ji Oga Danladi daga ƙasa.

"Na riƙe. Kai dai rufe kafin in saki."

Muka zagaye tayoyin huɗu, birki ya yi tauri. Habibu ya ja motar zuwa ƙarshen layi ya dawo, ya taka, ta tsaya cak. Ya leƙo ta taga yana dariya. "Mama, kin gani? Sale, gobe sai dai ka yi mini addu'a."

Ni dai ina kallo. Ƙofar gidanmu gangare ce, kamar rabin gidajen unguwar. Habibu ya ja birkin hannu, na ga sandar ta tashi har sama ba ta yi turjiya ba. A daidai lokacin Oga Danladi ya sa ƙafa ya tura wani dutse bayan taya, yana ta hira da Sale. Ba wanda ya kula. A Jos kowa haka yake yi, mota na tsayawa a sa mata waigi, har mun daina ganin abin.

Na ce, "Habibu, kada ka fito. Sale, cire dutsen nan."

"Hajiya, motan yana lafiya fa," in ji Oga Danladi.

"To in tana lafiya me take yi da dutse? Cire."

Sale ya cire. Motar ta ɗan yi jim, sannan ta fara silalewa baya, ta nufi kwatar maƙwabta. Habibu ya taka birkin ƙafa da ƙarfi, dariyar ta ɗauke.

Na sa aka mayar da dutsen, na durƙusa na leƙa. Ga wayar birkin hannu nan an naɗe ta da roba an ɗaure a jikin ƙarfe, ba ta haɗe da komai. Oga Danladi ya sosa ƙeya ya ce kan birkin da Habibu ya sayo, wato abin da ke matse faifan, ba shi da wurin saƙala wayar. Ya gani tun safe, amma bai so ya ɓata wa yaro rai ba.

"Ai birkin hannu ba wani abu ne ba, Hajiya. Dutse dey everywhere." Wai dutse ko'ina akwai shi.

Sale ma ya goya masa baya, don ba ya son a rasa lodin. Na ce wa Sale, "Kai kaɗai ne a motar. In aka tsayar da kai a tsakiyar hawa da buhu goma sha biyu, ƙafarka na kan birki, wa zai sauka ya sa maka dutsen?"

"Sai in kashe ta in bar ta a giya."

"Giyar da ke fita da kanta tun bara?"

Na miƙa hannu, Habibu ya ba ni makulli. Na ce motar ba za ta motsa ba, lodin gobe a bar wa wani. Habibu ya yi fushi, bai ci tuwon gidan ba ranar. Ban lallashe shi ba, ban kuma zage shi ba, don shawararsa mai kyau ce. Birkin faifan nan shi ne a motar har yanzu.

Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan kowa abin da aka gyara yake gwadawa, ba ya waiwayar abin da aka kwance don a kai ga gyaran. Kuma bakanike mai kunya ya fi mai tsada haɗari.

Washegari da safe na ɗaure makullin a bakin zanina, na kira Oga Danladi ya kwanto wayar da kawunan birkin biyu, na zuba su a buhu na tafi Dilimi. Shago shago na bi, ina saƙala wayar da hannuna, har na samu waɗanda ta shiga. Da aka ɗaura, na sa Sale ya tsayar da motar a ƙofar gida ya ja birkin hannu ya fito. Ni da kaina na janye dutsen. Motar ba ta motsa ba. Na ɗauke shi na shiga da shi ciki. Shi ke tokare ƙofar kicin ɗina har yau.