Allurar Goggo Uwani da Kunyar Suruki

Goggo Uwani ba ta iya zama wuri ɗaya ba. Tun da ta baro Rano ta kama ɗaki a Gyaɗi-Gyaɗi take sana'ar ɗanwake, kuma ko ciwon sukari bai zaunar da ita ba. Allurar sukarin da ta saba da ita mai jinkirin aiki ce: sai ta yi, ta share tsakar gida, ta yi sallah, sannan ta ci abinci.

'Yan shekaru bayan sojoji sun koma bariki aka canza mata wata a asibiti. Malamar jinya ta ja mata kunne cewa wannan ba ta jira. Da ta shiga jiki take fara kwashe sukarin da ke cikin jini, don haka kada ta yi sai kwano na gabanta, in kuwa ta yi, ta ci nan take, in ba haka ba sai suma.

Wata rana da azahar ta tsira allurar a cinya, ta buɗe shinkafa da wake ke nan, sai ga sallama. Ɗahiru ne, direba a Tarauni, mijin 'yarta ta fari. Ta yi wuf ta rufe kwano. A garinsu mace ba ta cin abinci gaban suruki, ko sunansa ba ta kamawa.

Ya durƙusa a bakin ƙofa, kai a ƙasa. Ya gida, ya jiki, ya kasuwa, daga nan ya shiga labarin tsadar taya. Ita kuwa gumi ya keto mata. Ta gyara zama, ta sake gyarawa, ta ɓoye hannunta cikin mayafi don rawar da yake yi. Ta yi niyyar shigewa ɗaki da kwanon, ƙafa ta ƙi ɗaukarta. Idonta ya fara ganin dishi-dishi.

"Malam," ta ce, "juya ka dubi katanga."

"Inna, laifi na yi?"

"Laifinka tsawon gaisuwa. Juya, ka ci gaba da zancen tayarka."

Ya juya. Ta jawo kofin kunun zaƙi ta shanye, sannan ta afka wa shinkafar, shi kuma yana ta yi wa katanga bayanin taya har rawar hannun ta tsaya.

Har yau in ya zo, daga zaure yake tambaya ko an yi allura.