Takalmi na Shida a Ƙofar Goggo Kabira

Goggo Kabira ta shigo Makka daga Cadi tana 'yar shekara sha tara. Yau shekararta arba'in da ɗaya tana toya waina a lungunmu na Mansur, tanda biyu, kowacce mai gurbi goma sha biyu. Ba ta taɓa zama 'yar ƙasa ba. Iƙama, takardar izinin zaman baƙo, take sabuntawa, ita da 'ya'yanta.

Da ƙidayar gwamnati ta lissafa kowa, ɗan ƙasa da baƙo, sai ƙungiyar Hausawan unguwarmu ta ce ita ma za ta raba kujerun kwamiti bisa yawan jama'a: lungun da ya kai mutum ɗari ya samu kujera. Kwamitin nan kuwa shi ke tsara lungun da motar ruwa za ta fara shiga.

A taron ƙungiyar, Abdulilah mai shagon waya ya ce 'yan ƙasa kaɗai za a ƙirga. Goggo ta ce, "Kai Abdulilah, ran da tankinku ya ƙafe, bokitin wa uwarka ta ara? Na mai iƙama!" Aka kwashe da dariya, aka yarda a ƙirga kowa.

Ni aka ba aikin ƙirga lungunmu. Kwana biyu, ƙofa goma sha bakwai, na samu casa'in da tara. Na sake tarawa har sau uku, bai motsa ba.

Na koma wajen Goggo. "Goggo, 'ya'yanki nawa a gidan nan?"

"Biyar na ce miki, Nasiha."

"Takalma ƙafa shida nake gani ban da naki."

"To, akwai wancan."

"Wane?"

"Wancan dai. Mai gemun." Ta mai da fuska ga tanda.

Sai na tuna Abdulƙadir, direban motar alhazai, ɗanta na fari. Shekara arba'in, kunya ba ta bar ta ta kira sunansa ba, balle ta lissafa shi a gaban mutane.

"Goggo, mutum ɗaya ya rage mu samu kujera."

Ta juya waina biyu kafin ta amsa. "Ni dai ban faɗa ba. Ke kika ga takalmi, ki rubuta abin da kika gani."

Na rubuta Abdulƙadir, na ɗari.

Lungu ya zaɓi Goggo a kujerar. Yanzu duk Litinin da hantsi da mu motar ruwa ke farawa. Da ta ji ƙarar injin sai ta ɗaga murya daga bakin tanda: "Ku ce wa wancan ya fito ya riƙe tiyo!"