Agogon Rana a Bakin Shagona

Ina da shekara arba'in da ɗaya na koma koyon lissafi. Walda nake yi a Gauraka, kusa da Suleja, bakin titin Kaduna. Wata rana na ga hoton agogon rana a waya, faranti ne da ƙarfe yana jefa inuwa a kan lambobi, na ce wannan ai aikin yini ɗaya ne. Na yanka faranti, na raba shi daidai wa daida, na tsayar da rodi a tsakiya. Ƙarfe goma na safe inuwa tana kan bakwai.

Yayana, wanda ke aikin ofis a Abuja, ya biyo ta shagon ya gani, ya yi dariya har da riƙe ciki. A gaban abokan sana'a ya tuna mini cewa sau biyu na faɗi lissafi a sakandare, ya ce in tsaya ga ƙyauren mutane da tagoginsu. Abin ya tsaya mini a rai.

Muna da maƙwabciya a cikin Suleja, 'yar Filato, tsohuwar malamar lissafi da ta yi ritaya. Mama muke ce mata. Na kai mata farantin a bayan babur. Ta ce rodin ba tsayuwa zai yi ba, kusan kwanciya zai yi, ya ɗaga kai digiri tara yana kallon arewa, don nisan garinmu ke nan daga layin tsakiyar duniya. Layukan awa kuwa sai an lissafa kowanne da sain da tan, wato lissafin kusurwa. Na ce ban san su ba. Ta tambaye ni yadda nake auna ƙarfen da nake gittawa a ƙyaure don kada ya lanƙwashe. Da na gwada mata, ta ce to abin ke nan, sunan ne kawai ban sani ba.

Wata uku ina zuwa duk Lahadi in ta dawo daga coci. Da lissafi ya nuna layin ƙarfe ɗaya bai fi digiri biyu da 'yan kai daga na sha biyu ba, na rantse kuskure ne. Ta sa na sake har sau uku, amsa ɗaya. Haka na zana su, na tsakiya a cunkushe, na safe da na yamma a warwatse.

Ranar da na kafa sabon, Yaya ya zo da wayarsa a hannu. Sai wajen sha biyu da rabi inuwa ta hau layin sha biyu. Mama ta riga ta gaya mini haka za a yi, don lokacin ƙasar nan daga can gabas da mu aka ɗauko shi, rana kuma sai ta yi tafiya kafin ta iso kanmu.

Yaya ya ce, "Juya farantin kaɗan ya dace da waya, ka huta da surutun mutane."

Na ce, "Yaya, ba zan juya ba. Wayarka lokacin ƙasa baki ɗaya take faɗa. Wannan na Suleja ne, kuma ni na lissafa shi."

A gabansa na jawo wayar walda na liƙe farantin da gindinsa. Har yau direbobi kan tsaya cin abinci su ce agogona ya makara, in ɗauko littafin lissafina in buɗe musu. Wasu su saurara, wasu su kaɗa kai su koma mota. Yaya bai taɓa cewa ya yarda ba.