Jakar Kwana Mai Cin Mutum Ɗaya

Shekarun baya, lokacin ina aji ɗaya a ƙaramar sakandare kuma ina ganin duk Talata Mafara babu mai wayona, aka ba mu hutu cikin bazara. Mahaifiyata ta ce in tafi Dakko wurin yayanta, in taya su yankan shinkafar rani. A can in an fara yanka samari ba sa komawa gida. A bakin fadama suke kwana suna gadin tarin shinkafa, da asuba su tashi korar tsuntsaye. Kwana shida za a yi.

Gaskiya ba shinkafa ce ta kai ni ba. Ɗan kawuna ne, taubashina, wanda ya girme ni da shekara biyu. Tun muna ƙanana nake so ya ɗauke ni aboki, ya daina kallona kamar kayan da ake kawowa daga birni ranar sallah a mayar da yamma.

Na fara shiri kamar mai tafiya yaƙi, kuma babbar damuwata abin rufa. Bargon gidanmu in ka ɗora shi a ka sai wuyanka ya shige ciki, ga zafi. Zanen gado kuma na ji labarin sauron fadama yana huda shi ya sha jini ya yi gyatsa. Mahaifiyata ta ce, "Ka tafi haka nan, can ba a zuwa da abin rufa." Na ɗauka rowa ce kawai irin ta iyaye.

Ranar Talata na shiga kasuwa wurin masu gwanjo. Wani dattijo ya zaro mini wata aba shuɗiya mai santsi, doguwa kamar buhu, da zif daga ƙafa har wuya. Ya ce jakar kwana ce, Turawa masu hawan duwatsu ke shiga ciki. Na ɗaga ta, ba ta kai nauyin tattabara ba. Na naɗe ta, ta koma kamar burodi. Nan take na ga kaina a Dakko, samari sun kewaye ni suna roƙon in bari su taɓa.

Ranar farko a fadamar, bayan isha'i, aka shimfiɗa wani ƙaton tamfol kusa da shinkafar, aka jawo wani gwado da aka haɗa da tsofaffin zannuwa, faɗinsa ya isa ya rufe masallaci. Samari bakwai suka fara jeruwa a ƙarƙashinsa. Ni kuwa na koma gefe, na warware jakata a hankali don kowa ya gani, na shige, na ja zif. Fuskata kaɗai ta rage a waje.

Duk suka juyo suna kallona. Sai taubashina ya haska ni da tocila.

"Bawana, wanga mi na?"

"Jakar kwana ce. Ta Turawa."

"Wanga ai likkafani na! Ku taho mu yi mai salla, ɗan birni ya riga mu."

Suka yi dariya har wani ya shaƙe. Ni ma na yi, don na ɗauka yabo ne ya zo a karkace. Wani ya ce, "Mutum nawa taka ci?" Na ce ɗaya, da alfahari. Ya ce, "To." Daga nan suka juya suka ci gaba da hirarsu.

Abin da mai gwanjo bai faɗa mini ba shi ne duwatsun Turawa ƙanƙara gare su. Kafin minti goma na dahu kamar alala a leda. In na buɗe zif sauro ya shigo da iyalinsa, in na rufe in ji ina tururi. Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Tsakanina da tamfol ɗin bai fi taku goma ba, kuma ina jin komai: labarin wanda jaki ya kayar, faɗan wanda ya ja gwado, raɗa, sai dariya ta fashe gaba ɗaya. Ni ina kwance kamar kifin da aka manta a bakin ruwa, ina kallon sama, ina jira wani ya ce, "Taho nan."

Ba wanda ya ce. Da rana muna yanka tare, muna cin tuwo kwano ɗaya, suna kirana Alhaji Likkafani ina amsawa. Da an shimfiɗa tamfol kuwa sai kowa ya kama wurinsa, ni in ja jakata gefe. A kwana na uku na shirya wani labari mai ban dariya tun la'asar, na yi ta maimaita shi a raina. Lokacin hira ya yi, na buɗe baki, na ga sai na ɗaga murya kafin su ji ni. Na fasa. Na ba kaina labarin a cikin jaka, kuma ko ni bai ba ni dariya ba.

Ranar ƙarshe da safe ni da taubashina muka kama bakin tamfol muna naɗewa. Bai kalle ni ba ya ce, "Bawana, ƙyamarmu kaka yi?"

Na ce, "Ni? Ai ku ne ba ku kira ni ba."

Ya tsaya da naɗin. "Kira? Wa aka kira ga shimfiɗa tai? Baƙo tsakiya shika kwana, nan sauro da kunama ba su kai. Kwana shida muna bar ma wuri tsakanina da ƙanena. Ni da kaina nika hana su matsowa."

Na ce masa jakar zafi gare ta. Ya ce ai sun sani, suna jin juye-juyena.

Da shekara ta zagayo ban samu na gyara ba. An daina kwana a fadamar, shi kuma taubashina ya koma Maradun koyon walda, sai mu yi wata biyar ba mu gaisa ba. In mun yi waya har yanzu Alhaji Likkafani yake ce mini, mu yi dariya, kowa ya ajiye.

Na iya ba da labarin nan yadda mutane za su riƙe ciki, kuma ina yi. Amma in ni kaɗai ne, ba zafin nake tunawa ba, ba sauron ba. Wurin nan nake gani a tsakiyar gwado, daidai faɗina, yaro yana tokare 'yan'uwansa da gwiwar hannu don kada su cike shi, ni kuma ina taku goma daga nan ina jin haushin ba a so na.